Yadda Na Yi wa Kak Ros Jere a Kuala Lumpur

Tun da na dawo daga Malesiya bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da dawowa, kafin ta gama gyara zama sai ta ce, "To Hajiya Rabi, ya ƙasar mutanen take?" In ba ta labari ta tashi, wata ta shigo mu koma farko. Har a gidan biki an tare ni a bakin ƙofa ana tambayata ko gaskiya ne da shinkafa suke karyawa. Gaskiya ne. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta, ni ma in samu in sha shayina da zafinsa.

Autata Zainab ce ta haihu a can. Mijinta, Malam Kabiru, yana karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, gwamnati ce ta tura shi. Haihuwar fari ce, wadda da a gida suke da ta zo wankan gida na kula da abata, to nisa ya hana, aka ce ni in bi ta. Biza kuwa ta ja mini rai har na gaji da tambaya. Aka yi suna ina Kano ina kallo ta waya, aka mayar wa yaron sunan marigayi Alhaji, mahaifin Zainab, suna kiransa Abba. Sai da angon nawa ya fara kumatu sannan takarda ta fito.

Na cika akwati da kanwa, gero, daddawa, kuka, yajin jego, man shanu da turaren wuta. Zainab ta yi ta ja mini kunne kada in kuskura in sa kilishi, wai ba a shiga da nama. Na cire shi ina mita. Da yake na taɓa zuwa Makka, a zatona na san jirgi, ashe wancan tsallaka titi ne. Muka tashi daga Kano, muka sauka a wata ƙasa muka canja jirgi, sannan aka shiga tafiyar gaske. In yi barci in farka, in sake yi in sake farkawa, har yanzu muna sama. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wata dattijuwa 'yar Malesiya da ke kusa da ni, daga Umara take, ta ga ina fama, ta ciro wani mai mai yaji-yaji ta shafa mini a idon sawu ba tare da ta tambaye ni ba. Ban san sunanta ba har yau, amma ina sa ta a addu'a.

A wajen duba fasfo jami'in ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Turancina na firamare ne, kuma ya daɗe da yin tsatsa, sai kawai na ciro waya na nuna masa hoton Abba. Ya duba hoton, ya dube ni, ya nemi tikitin komawa da takardar gayyata, ya buga hatimi. Masu duba kaya ne muka ɗan taɓa da su. Wata yarinya mai hijabi ta kwance ƙullin daddawa, ta kai hanci, ta ja da baya kamar an mare ta. Ta kira abokin aikinta, shi kuma ya shinshina ya gyaɗa kai yana dariya. Daga baya na gane dalilin dariyarsa: su ma suna da tasu daddawar ta jatan lande, wadda in aka soya ta a ƙasan bene sai na can sama ya sani. Daddawa dai ta wuce. Gerona suka riƙe, wai tsaba ce, ba a shiga da ita. Duk mai zuwa ta niƙo abinta tun daga gida.

Ina fitowa na hango Malam Kabiru. Yaron kirki, yana ganina ya zube a tsakiyar mutane, kansa a sunkuye, yana "Sannu da zuwa Hajiya, an sha hanya, ya aka baro mutanen gida?" Ni kuma na kau da kai gefe ina amsawa, kamar yadda ya kamata. Wani tsoho irin 'yan Cainan can ya ga mutum a durƙushe yana kallon ƙasa, ya ajiye jakarsa ya duƙa yana taya shi neman abin da ya faɗi.

Gidansu yana wata unguwa da ake kira Sri Petaling, a wani tsohon bene mai gidaje da yawa, hawa na huɗu, can ƙarshe, kuma babu lif. Na hau ina hutawa ina salati. Ɗaki biyu ne da falo, kuma a nan na ga wahalar surukuta a gidan da ba shi da zaure ba shi da tsakar gida. In na fito zan shiga banɗaki shi ya fito zai shiga kicin, sai kowa ya koma da baya, a rasa mai wucewa. Ƙarshe bawan Allah ya mayar da ɗakin karatu na jami'a gidansa, abinci kuma a shagon Indiyawa Musulmi da suke kira mamak, har Zainab tana cewa na korar mata miji.

Ni da na taho da fargabar zan tarar da yarinya a lalace, ba wanka ba kunu, sai na same ta fes, fuska tana sheƙi, an naɗe mata ciki da wani dogon ƙyalle tun daga ƙugu har ƙirji, ƙulli bayan ƙulli.

Na ce, "Wa ya yi miki wannan?"

Ta ce, "Kak Ros ce, Mama, maƙwabciyarmu. Tun ranar da aka yi discharging ɗina daga asibiti kullum sai ta shigo. Ita ke yi wa Abba wanka ma."

Kak a yarensu Yaya ke nan. 'Yar gajeruwa ce, ba za ta wuce arba'in ba, ƙofarta tana kallon tamu. Tana shigowa ta kama hannuna da hannu biyu ta kai goshinta, ta kira ni Mak Cik, wato Gwaggo. Na so in ji haushin wadda ta riga ni yi wa 'yata jego, amma ta yaya za ka ji haushin mai gaisuwa haka?

Su ma suna jego, nasu ma ya ɗara namu da 'yan kwanaki. Mai jego ba ta shan ruwan sanyi, ba ta taka ƙasa babu safa, ana yi mata tausa, a gasa dutse a naɗe a tsumma a riƙa danna mata a ciki. Ranar da na fara ganin dutsen nan na ce a'uzubillahi, za a ƙona mini 'ya. Ranar da ita kuma ta ga na tafasa ruwa na tsoma ganye ina fyaɗa wa Zainab, ta dafe ƙirji tana ta zuba yare. Muka yi ta musu da hannu, ba mai jin wata, har muka raba aiki: safe tawa, yamma tata. Zainab ta ce, "Ku dai kun samu filin gwaji. In na miƙe sai a ga wadda za a yaba."

Shinkafar karin kumallon nan da ake ta tambayata, da madarar kwakwa ake dafa ta, a sa mata yaji mai zaƙi-zaƙi, da soyayyar gyaɗa da ƙananan kifi da ɓarin ƙwai, a ƙunshe a ganyen ayaba. Sunanta nasi lemak, kuma ita ce sana'ar Kak Ros. Kullum da sassafe take sauka da kulolinta ta kafa tebur kusa da tashar jirgin ƙasa, ba ta dawowa sai rana ta ɗaga. Da farko na ce ni ba zan ci shinkafa da sukari ba, amma kafin in taho ni ke tambaya in ƙunshina ya makara. Abin da ya gagare ni shi ne durian, wani ɗan itace mai ƙaya da wari, wanda Malam Kabiru ya sayo musamman don ya girmama ni. Don kunyar suruki na kai loma ɗaya, na haɗiye da ƙyar idona yana ruwa. Kasuwarsu ta Chow Kit kuma, wadda ake zuwa a wani jirgi mai tafiya a sama kan dogo ɗaya, ta tuna mini da 'Yankaba: ga kuɓewa, ga rogo, ga busasshen kifi, ga hayaniya. A can, ranar da muka je bayan an gama jego, na nuna wani mai kifi da ɗan yatsa, Zainab ta yi sauri ta kama hannuna, wai su da babban yatsa ake nuni, ɗan ali rashin kunya ne. Mata kuwa da hijabinsu suke tuƙa babur, har da tsofaffi sa'o'ina, ba mai ko waiwayarsu sai ni.

Sai da na kwana biyu na san halin da Kak Ros take ciki. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu 'yan makaranta, ga mahaifiyarta da kowa ke kira Nenek, wato Kaka, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Gidansu ɗaki ɗaya ne da ɗan falo, na haya. In za a kai Nenek asibiti, Malam Kabiru da wani abokin karatunsa ne ke ɗaukarta a kan kujera su sauko da ita benen nan, ban da wannan ba ta ganin waje sai ta taga. Ga shi mai gidan ya sayar, an ce su tashi in an yi hutun ƙarshen shekara, kuma hayar wani gidan a birnin ta fi ƙarfin mai sayar da shinkafa. In ba a samu mafita ba, Nenek za ta koma ƙauye wajen wani ɗan'uwa, a raba yaran gidajen dangi, Kak Ros kuma ta kama gado a ɗakin haɗaka don ta ci gaba da sana'a.

Mafitar guda ce. Hukumar birnin tana da manyan benaye da ta gina don masu ƙaramin ƙarfi, haya kaɗan, kuma da lif. Kak Ros ta daɗe da nema, tana layi. Na tambayi Zainab me ya hana Malam Kabiru shi ma ya nema, ta ce, "Mama, na 'yan ƙasa ne only. Mu baƙi ko form ɗin ba za a ba mu ba."

Ni da Nenek muka ƙulla. In Zainab da Abba sun yi barci sai in tsallaka in zauna kusa da katifarta, tana yarenta ina Hausata, kowa ta ba da labarinta har ta ƙoshi. In mun gaji mu ɗauki carbi. Ɗakin nan kuwa yana ci mini rai. Ku da kuka san ni kun san aikina: shekara da shekaru ba a yi wa amarya jere a Ɗorayi ban sa hannu ba. In na shiga ɗaki, idona da kansa yake fara rataya labule. Nan kuwa bango ya yi baƙi saboda danshi, ledar ƙasa ta yayyage, ga bokiti a kusurwa yana tarar yoyo, don can ruwan sama ba ya fashi. Tsaf yake, an share an goge, amma babu ta yi masa yawa.

Wata rana aka kira Kak Ros ofishin gidaje ta kai wasu takardu, na ce zan raka ta in ga gari. Na ci ado, leshi da mayafi da sarƙa, don a wurinmu in za ka je neman abu wajen hukuma, ko ba ka da babbar riga sai ka ara. Ita kuwa ta fito da rigar da ta yi ciniki da ita, da 'yar jakar leda mai ɗauke da takardar rasuwar miji, da ta haihuwar yara, da ta asibitin Nenek. Na nuna rigar na girgiza kai, ta yi dariya ta ce, "Boleh lah, Mak Cik," wato ba komai, hakan ma ya yi. A ofishin na'ura ce ke ba ka lamba, ka zauna shiru sai ta fito a allo. A hanyar dawowa ta biya da ni unguwar Indiyawa, Brickfields, aka shimfiɗa mana ganyen ayaba aka zuba abinci a kai. Ni na zaci faranti ne suka ƙare, har na fara tausaya wa mai shagon.

Da muka iso gida na sa Zainab ta tambaye ta wa muka sani a cikin ofishin nan, wa zai yi mana magana. Ta ce babu kowa, kuma ba a buƙata. Na ce to an kai takarda, sai kuma me? Ta ce saura abu ɗaya: jami'ai za su zo har gida su duba inda take zaune, daga nan a yanke hukunci.

Ranar da suka sa ta zo daidai da ranar rigakafin Abba. Zainab da mijinta suka tafi asibiti, yaran Kak Ros suna makaranta, ita kuma ta fita sana'a ta bar mana makulli kamar kullum saboda Nenek. Na tsaya a tsakiyar falon nan na ce wallahi ba da ni ba. Matar da ta riƙe mini 'ya lokacin da ba na nan, a ce manyan baƙi daga gwamnati su shigo su ga bokiti? In suka ga haka ai cewa za su yi ba za ta iya riƙe gidan hukuma ba. Na sauka hawa na biyu wajen Maman Khalil, Bakatsiniya, matar wani malamin jami'a, wadda ta fi kowa kaya a cikin matan Hausawan benen.

Na ce, "Maman Khalil, baƙin gwamnati za su zo wa Kak Ros kafin azahar. A taimaka a rufa mata asiri."

Ta ce, "Haba Hajiya, ai dole ne. Wannan matar ko tapau, wato ƙunshin tafiya da shi gida, ka je saya a teburinta sai ta ƙara maka ƙwai kyauta. Me da me ake so? Bari in sa a group yanzu-yanzu."

Kafin ka ce kwabo mata sun hallara, kowa da abin da ta kinkimo. Ga jan kafet na Maman Khalil da talabijin ɗinta, ga kujeru masu taushi, ga labule mai ruwan zinare, ga fanka ta tsaye, ga agogon bango, ga kuloli da faranti masu fure. Na sa aka rufe danshin bango da labule, yagaggiyar leda ta shige ƙarƙashin kafet, bokiti aka kai shi banɗaki. Na jera kuloli daga babba zuwa ƙarami. Aka ɗora dafa-duka, aka haɗa zoɓo. Nenek muka goge mata jiki, na sa mata kwalli, na yafa mata mayafina mai duwatsu, muka ɗora ta a kan kujera. Tana ta dariya da ɓarin bakinta tana shafa mayafin. Na turare ɗakin. Na sha yin jere a rayuwata, amma ban taɓa yin wanda ya faranta mini rai kamar wannan ba.

Kak Ros ta haɗu da jami'an a ƙasan bene ta hawo da su, mace da namiji. Macen ce babba, tana riƙe da allon nan na zamani da ake rubutu da ɗaukar hoto. Kak Ros ta tura ƙofa, ta tsaya cak. Ta ja da baya ta duba lambar gidan, ta sake leƙowa. Mu kuma muna tsaye a jere muna jiran godiya.

Jami'ar ta cire takalmi ta taka kafet, ta dubi talabijin, ta dubi kujeru, ta ɗaga allonta ta fara ɗaukar hoto. Ta yi wa Kak Ros wata tambaya. Kak Ros ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Aka sake tambayarta, ta sunkuyar da kai. Sannan ta matso ta kama hannuna ta kai goshinta, ta ce, "Cantik, Mak Cik." Wannan kalmar na san ta, don ita ake faɗa wa Abba kullum, wato ya yi kyau. Hannuna ya jiƙe da hawayenta, ni kuma na ɗauka na murna ne.

Allah ya taimake mu Zainab ta dawo daidai lokacin, da Abba a kafaɗa. Tana leƙowa ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mama, me kuka yi?"

Na ce, "Me muka yi kuwa? Fitar da ita kunya muka yi."

"Mama, inspection ne fa! Rashi suka zo gani, ba kwalliya ba. Wanda ya fi kowa buƙata shi ake fara ba wa. Yanzu duk wannan za su rubuta nata ne, a ce she's okay, a mayar da ita ƙarshen layi."

"To ita ba ta da baki ne? Ta gaya musu na aro ne mana!"

Zainab ta yi wa Kak Ros magana ƙasa-ƙasa, ta juyo idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Wai ba za ta kunyata ki a gaban baƙi ba. Ke babba ce, kuma don Allah kika yi. Ta ce duk abin da ya faru rabo ne."

Wato baiwar Allahn nan ta gwammace ta rasa gida, a raba ta da uwarta da 'ya'yanta, da ta ce wa wata tsohuwa baƙuwa ta yi kuskure. Na ji ina sonta kamar ni na haife ta, kuma na ji kamar in rufe ta da faɗa.

Na ce wa Zainab ta faɗa wa jami'ar cewa babu ko cokali na Kak Ros a abin da take gani, ni na aro, matar gidan ma ba ta sani ba. Jami'ar ta saurara, fuska ba yabo ba fallasa. Ta ce ita abin da ta gani take rubutawa. Ta saba ganin masu kai kayansu gidan maƙwabta su ɓoye in sun ji za a zo, amma masu kawo kaya daga maƙwabta ba ta taɓa gani ba, kuma in an kwashe yanzu ta yaya za ta san ba ɓoyewar ake yi ba?

Na juya ga matan na ce, "Ku kwashe. Kowa ta ɗauki nata ta kai inda ta ɗauko, ita kuma jami'ar ta bi ku ta gani da idonta."

Haka aka yi, aka yi ta hawa da sauka da kaya, jami'ai suna biye. A gidan Maman Khalil ga ƙarfen talabijin a bango wayoyi suna reto, ga shatin kafet a ƙasa daidai da faɗinsa. A wani gidan suka tarar da maigidan ya dawo daga jami'a, yana tsaye a falo babu labule babu fanka, yana tambayar ko ɓarayi ne suka shigo da rana tsaka. Namijin jami'in dariya ta ci ƙarfinsa har ya zauna a kan matakala.

Kafet da labule na ce a bar mini in cire da kaina. Tun da nake ban taɓa tona asirin wani da hannuna ba, aikina kullum rufewa ne. Ranar na durƙusa na naɗe kafet ɗin nan, yagaggiyar leda ta bayyana. Na zare labule, baƙin bango ya fito. Na shiga banɗaki na ɗauko bokiti na mayar da shi kusurwarsa, a gaban baƙi, a gaban matar gida. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, tawa da tata duka a kaina. Dariya ta ɗauke a ɗakin. Kak Ros kuwa sai a lokacin ta ɗago kai, ta gyara tsayuwa ta yi magana guda. Zainab ta raɗa mini, "Ta ce, wannan shi ne gidana."

Jami'ar ta sake ɗaukar hotuna daga farko. Ta tsuguna gaban Nenek ta yi ta tambaya, yadda ake yi mata wanka, yadda ake sauke ta zuwa asibiti, ta leƙa ɗakin da su duka suke kwana. Abu ɗaya ne ya ƙi komawa wajen mai shi: mayafina. Da Maman Khalil ta miƙa hannu za ta karɓa, Nenek ta damƙe shi da hannunta mai lafiya ta zuba mata harara. Haka aka ɗauke ta a hoto, da kwalli da mayafi mai duwatsu, a kan katifa a ƙasa. Dafa-dukarmu ba su ci ba, wai dokar aiki ta hana, duk da Nenek tana ta "Makan, makan," wato su ci. Da za su fita jami'ar ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, za a ji sakamako. Ta dube ni ta faɗi wani abu tana murmushi. Zainab ta ƙi fassara mini sai da na matsa, wai in an tashi bikin ƙanwarta za ta neme ni.

Sauran kwanakina a can ban ƙara jin daɗin abinci ba. Kak Ros ba ta canja mini fuska ko sau ɗaya ba, kullum sai ta aiko da ƙunshin shinkafata, kuma wannan ya fi komai damuna. Da ta yi mini faɗa da na samu sauƙi. Har surukuta na ajiye, nakan tambayi Malam Kabiru ta bayan ƙofa ko an ji wani abu, ya ce, "Tukuna dai Hajiya, ana ta addu'a." Zainab ta gama jego, bizata ta zo ƙarshe, na haɗa kaya. Da na shiga yi wa Nenek sallama na tarar an fara tara kwalaye a falo, don hutun ƙarshen shekara ya matso kuma shiru ake ji. Kak Ros ta rako ni har ƙasan bene. Na ce wa Zainab ta ce mata ta yafe mini, kafin a fassara ta rufe mini baki da tafin hannunta. Hanyar dawowa ban ji tsawonta ba, ban ma lura ko ƙafafuna sun kumbura ba, hankalina yana kan kwalayen nan.

Ina gida, ana ta zuwa yi mini barka ina ba da labarin daddawa da durian, amma wannan ban gaya wa kowa ba, don ban san ƙarshensa ba. Rannan ina tsakiyar yi wa wata amarya jere a nan unguwarmu, na hau kujera ina rataya labule, waya ta yi ƙara. Zainab ce, ta bidiyo. Ko sallama ba ta yi ba, ta juya wayar. Sai ga wani falo fari tas, babu komai a ciki sai tabarma da kwalaye, Kak Ros tana tsaye a tsakiya da makulli a hannu, 'yan matanta sun riƙe ta hagu da dama.

"An ba ta, Mama! Ɗaki uku, ga lift. Nenek tun safe take sa a sauke ta a hawo da ita, ta ƙi yarda a shigo da ita ciki."

Ta ƙara juya wayar, sai ga Maman Khalil da sauran matan a bakin ƙofa, kowa da abu a hannu, wata labule, wata kuloli, wata fanka.

"Wannan karon ba aro ba ne, kyauta ce. Kak Ros ta ce yanzu babu mai zuwa dubawa, kuma ba za a taɓa komai ba sai Mak Cik ta faɗi inda za a sa shi."

Na buɗe baki zan ce a fara da labule, sai kuka ya riga ni. Uwar amaryar da nake wa jere ta ga hawaye suna zuba, ta rugo ta riƙe kujerar da nake kai, tana tambayata, "Hajiya lafiya? Rasuwa aka yi?"

Na ce mata, "A'a. Gida aka samu."